Hannun da ke Bayarwa da Alƙalamin da ke Rubutu: Tsokaci a kan Cibiyar Fahimtar Juna ta Jami'ar Georgetown

Gabatarwa

A cikin watan Disamba na shekarar 2005 aka ba da sanarwar cewa Yarima Alwaleed bin Talal, hamshaƙin attajiri kuma jikan Sarki Abdul'aziz na Saudiyya, ya bai wa Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington kyautar dala miliyan 20, ya kuma bai wa Jami'ar Harvard kwatankwacin haka, domin ƙarfafa nazarin Musulunci. Kyaututtukan biyu duk sun jawo ka-ce-na-ce a Amurka, amma ta Georgetown ita ta fi cancantar a tsaya a dube ta, saboda irin gidan da ta shiga. Georgetown ita ce jami'ar ɗariƙar Katolika mafi daɗewa a ƙasar. Bishop John Carroll ne ya kafa ta a 1789, kuma tun farkon ƙarni na 19 take a hannun limaman ƙungiyar Jesuit. Ga shi kuwa dukiyar ɗan sarautar ƙasar da Makka da Madina suke cikinta ta shiga asusunta, har aka ɗora sunansa a kan cibiyarta ta fahimtar juna tsakanin Musulmi da Kirista.

Tambayar da aka fi yi tun daga lokacin ita ce, shin waɗannan kuɗi toshiyar baki ne? Masu zargi sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, masu kariya kuwa suka ce malaman cibiyar ba wanda ya taɓa gaya musu abin da za su rubuta. Wannan tsokaci zai nuna cewa ɓangarorin biyu sun tsaya gardama ne a bakin ƙofa, ba su shiga ɗakin ba. Ba safai kuɗi suke sauya amsar da malami zai bayar ba. Babban aikinsu shi ne zaɓen tambayar da za ta sami ofis da albashi da ɗalibai, da kuma wadda za a bari tana ragaita a waje. Da wannan ma'auni ya kamata a auna aikin cibiyar.

Asalin Cibiyar

Kafin a yi maganar kuɗi, wajibi ne a san dalilin da ya sa jami'ar Katolika za ta buɗe irin wannan cibiya tun farko. A ranar 28 ga Oktoba, 1965, babban taron limaman Katolika na biyu da aka yi a fadar Vatican ya fitar da wata gajeriyar takarda mai suna Nostra Aetate, wadda ta bayyana matsayin cocin game da sauran addinai. A sashenta na uku ta ce cocin yana duban Musulmi da girmamawa, ta ambaci bautarsu ga Allah ɗaya da sallarsu da azuminsu da sadakarsu, ta kuma yi kira da a bar tsohuwar gaba a nemi fahimtar juna. Gaskiya ne takardar ba ta ambaci Alƙur'ani ko Annabi (SAW) ba, watau ta yi magana a kan Musulmi ta kauce wa yanke hukunci a kan tushen addininsu. Duk da haka ita ce ta share hanya, domin daga nan nazarin Musulunci ya tashi daga aikin mai shirin raddi ya koma aikin da limami zai yi ba tare da an tuhume shi ba.

Wanda ya kafa cibiyar a 1993, Farfesa John Esposito, ɗan wannan zamani ne. An haife shi a 1940 a gidan Katolika, ya yi shekaru a gidan ibada na limaman Capuchin kafin ya fito, sa'an nan ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Temple a hannun Isma'il al-Faruqi, shahararren malamin nan Bafalasɗine. Kuɗin da aka aza harsashin cibiyar da su kuwa ba daga Saudiyya suka fito ba. Jagoran masu bayarwa shi ne Hasib Sabbagh, ɗan kwangilar gine-gine, Bafalasɗine kuma Kirista. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, alhali yana da nauyi ƙwarai: ba a ajiye cibiyar a sashen nazarin tauhidin Kirista ba, an ajiye ta ne a makarantar jami'ar da ke horar da jami'an jakadanci da masu hulɗa da ƙasashen waje. Za a dawo ga wannan batu nan gaba.

Zargi da Amsarsa

Zargin da aka yi wa kyautar 2005 bai rasa tushe ba. A watan Oktoba na 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, Yariman ya miƙa wa birnin New York gudummawar dala miliyan 10, amma magajin garin, Rudolph Giuliani, ya ƙi karɓa, saboda wata sanarwa da ta biyo baya mai kira ga Amurka da ta sake duba manufofinta game da Falasɗinawa. Ita kanta Georgetown ta taɓa mayar da kyauta. A 1981 shugabanta, Fada Timothy Healy, ya mayar wa gwamnatin Libiya dala 600,000 da ta bayar don wata kujerar farfesa a cibiyar nazarin ƙasashen Larabawa, yana mai kafa hujja da goyon bayan da gwamnatin ke bai wa ta'addanci. Saboda haka da ɗan majalisar wakilai Frank Wolf ya rubuta wa shugaban jami'ar, John DeGioia, wasiƙa a 2008 yana tambaya ko cibiyar ta taɓa fitar da wani nazari da ya soki Saudiyya a kan haƙƙin ɗan Adam ko 'yancin addini, ba za a ce ya yi tambayar banza ba. Shugaban ya amsa cewa cibiyar tana aikinta ne ba tare da sa hannun mai kyautar ba.

Amma idan aka jera shekaru sai zargin sayen baki ya yi rauni. Littafin Esposito da ya fi jawo masa suka, The Islamic Threat, wanda ya yi jayayya da masu ɗaukar farkawar Musulmi gaba ɗayanta a matsayin barazana ga Yamma, ya fito ne a 1992, shekara 13 kafin kyautar. Wanda ya rubuta tare da John Voll a kan Musulunci da dimokuraɗiyya ya fito a 1996. Martin Kramer, wanda ya fi kowa tsananta masa, ya wallafa nasa littafin suka a 2001. Ashe ke nan ra'ayin ya riga kuɗin zuwa. Yariman bai sayi ra'ayi ba, ya tarar da wanda ya yi masa daɗi ne ya ƙara masa ƙarfi. Haka nan ba daidai ba ne a ɗauka shi da gwamnatin ƙasarsa abu ɗaya ne, tunda a Nuwamban 2017 gwamnatin ta tsare shi a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyadh tare da wasu 'yan sarauta da attajirai, ba a sake shi ba sai a Janairun 2018.

Sai dai wannan amsa, ko da ta wanke malaman daga zargin cin amana, ba ta rufe maganar ba. Irin wannan kyauta tamkar waƙafi take: ana ajiye uwar kuɗin, ana biyan albashin farfesa da tallafin ɗalibai da hidimar taro daga ribar da take haifarwa, shekara da shekaru. Malami ɗaya mai ra'ayi, idan aka ba shi waƙafi, sai ya zama makaranta mai almajirai. Wani malamin kuwa, wanda iliminsa bai gaza nasa ba amma tambayarsa ba ta burge wani attajiri ba, sai ya tsufa shi kaɗai a ofis. Babu wanda aka ba umarni, babu wanda ya yi ƙarya, amma bayan shekara ashirin fagen ilimin ya karkata gefe guda.

Abin da Kuɗin Suka Haifar

Adalci ya wajabta a fara da abin yabo. Bayan laccar da Paparoma Benedict na 16 ya yi a Regensburg a Satumban 2006, wadda ta fusata Musulmi a ƙasashe da dama, malamai da shugabannin Musulmi 138 sun aika wa shugabannin Kirista wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2007, suna kira zuwa ga kalma mai daidaitawa a kan son Allah da son maƙwabci. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yana cikin waɗanda suka sa hannu. Georgetown na daga cikin jami'o'in da suka ɗauki wannan wasiƙa da muhimmanci, ta shirya mata babban taro a 2009. A lokacin da zukata suka yi zafi, samun zauren da limamin coci da shehin malami za su zauna su yi magana da hujja ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi wannan cancantar yabo shi ne wani rahoto na 2016, wanda shirin cibiyar mai bin diddigin ƙyamar Musulunci ya fitar game da ra'ayin mabiya Katolika na Amurka. Rahoton ya gano cewa kashi 14 cikin 100 ne kawai daga cikinsu suke da kyakkyawan zato ga Musulmi, kuma mafi yawansu ba su taɓa jin labarin Nostra Aetate ba, shekara hamsin bayan fitowarta. A nan jami'ar Katolika ta haska fitila a cikin ɗakinta, ta faɗi abin da ta gani ko da ba mai daɗin ji ba ne. Wannan shi ne aikin jami'a na haƙiƙa.

Tambayar da ta rage ita ce, ko an haska irin wannan fitila a ɗakin mai kyautar? A nan ne aikin cibiyar ya fi rauni. A 2009 ta haɗa hannu da wata cibiyar masarautar Jordan da ke Amman suka fitar da jerin Musulmi 500 mafi tasiri a duniya, aka sa Sarki Abdullah na Saudiyya a matsayi na farko. Ana iya kare wannan zaɓi, domin mai hidimar masallatai biyu masu alfarma ba ya rasa tasiri ko wane ne ya yi jerin. Amma Sarkin baffan Yariman ne, kuma cibiyar da ke ɗauke da sunan ɗa ba ta dace da zama alƙalin da zai ɗora baffa a kan kowa ba, ko da hukuncin daidai ne. Daɗin daɗawa, shi kansa tsarin jerin yana koya wa mai karatu cewa tasiri a Musulunci abu ne da ake aunawa daga sama, daga gadon sarauta da ofishin mufti, alhali tarihin addinin cike yake da malaman zaure waɗanda ba su taɓa taka fada ba amma suka sauya ƙasashe.

Sa'an nan ga batun mazaunin cibiyar da aka ambata a baya. Makarantar da ke horar da jakadu tana da tambayoyinta, kuma tambayoyin birnin Washington ne: shin Musulunci barazana ne, shin zai zauna da dimokuraɗiyya, me Musulmi suke tunani game da Amurka? Littattafan Esposito da suka fi shahara amsoshin waɗannan tambayoyi ne, har da wanda ya rubuta da Dalia Mogahed bisa ƙuri'ar jin ra'ayi ta kamfanin Gallup a ƙasashe fiye da 35. Amsoshin na sassauci ne, kuma sun amfani Musulmin Amurka a lokacin da ake nuna su da yatsa. Amma mai kare wanda ake tuhuma a gaban alƙali ba shi ya tsara tuhumar ba, a cikinta yake kai da kawowa. Musulmi a irin wannan rubutu kullum mai ba da amsa ne, ana wanke shi. Ba safai ake ganinsa yana waƙa ko yana warware mas'alar gado ko yana rubuta ajami ba. An ce nazarin addini da al'ada ake yi, amma al'adar ta sami kaso kaɗan.

Domin a ga cewa wani kuɗin yakan haifi wata tambayar, ya isa a dubi wata jami'ar Katolika, ta Saint John da ke jihar Minnesota, inda limaman ƙungiyar Benedict suke da ɗakin adana hotunan tsofaffin rubuce-rubuce tun 1965. Bayan an kwashe littattafan Timbuktu zuwa Bamako a lokacin rikicin 2012, wannan ɗaki ya haɗa hannu da ƙungiyar masu ɗakunan karatu na iyalan garin tun daga 2013, aka ɗauki hoton dubban littattafan fiƙihu da nahawu da wasiƙu, da taimakon gidauniyar Arcadia ta Ingila. Addinin masu aikin ɗaya ne da na Georgetown, takardar 1965 ɗaya ce, amma da yake mai bayarwa adana abin da ke shirin salwanta ya dame shi, sai abin da aka samu ya zama rumbun karatu maimakon amsa ga 'yan majalisa.

Sauran Hannuwa Biyu

Kuskure ne kuma a zaci attajiri kaɗai ke riƙe da igiyar malami a irin wannan jami'a. Tukunyar a kan duwatsun murhu uku take zaune, na biyu shi ne coci. A 1967 shugabannin wasu jami'o'in Katolika, bisa jagorancin Fada Theodore Hesburgh na Notre Dame, sun taru a Land O'Lakes suka bayyana cewa jami'a ba ta zama jami'a sai tana da 'yancin kanta daga kowace hukuma, ta addini ko ta duniya. Fadar Paparoma ba ta bar maganar haka ba. A 1986 ta hana Fada Charles Curran koyar da tauhidin Katolika a Jami'ar Katolika ta Amurka saboda saɓaninsa da koyarwar coci a kan wasu mas'alolin aure da jima'i, a 1990 kuma Paparoma John Paul na 2 ya fitar da dokar Ex Corde Ecclesiae, wadda ta jaddada cewa ɗan Katolika mai koyar da tauhidi sai ya sami izinin hukumar coci. Da yake cibiyar tana makarantar jakadanci, wannan sharaɗi bai hau kanta ba. Ta tsira daga bishop ke nan, amma farashin tsirar shi ne ta nisanci tambayoyin aƙida, waɗanda su ne ainihin abin da ya raba addinan biyu.

Dutse na uku shi ne gwamnati, kuma a shekarun baya-bayan nan shi ya fi zafi. Dokar Amurka ta wajabta wa jami'o'i bayyana duk kyautar waje da ta kai dala 250,000. A 2019 ma'aikatar ilimi ta buɗe bincike a kan Georgetown game da kuɗin ƙasashen waje, har da na reshenta da ke Katar, wanda aka buɗe a 2005. A watan Maris na 2025 jami'an shige da fice suka kama wani matashin mai bincike na cibiyar, ɗan ƙasar Indiya, bisa zargin yaɗa farfagandar Hamas, ba tare da an tuhume shi da wani laifi a kotu ba, aka tsare shi har watan Mayu lokacin da alƙali ya ba da umarnin sakinsa. Wanda ya shafe shekara ashirin yana tsoron kada Riyadh ta rufe bakin malaman cibiyar, ya kamata ya lura cewa hukumomin Washington ne suka kulle ɗaya daga cikinsu.

Kammalawa

Masu karatun tarihin ƙasar Hausa sun san wani ma'auni da zai yi amfani a nan. Wajen shekarar 1788, kusan lokacin da ake aza tubalin Georgetown, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai karɓi rabonsa ba, sai ya nemi abubuwa biyar a madadinsa: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana mai son amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Darasin ba wai kowace kyauta abin ƙi ba ce, domin jami'a ba ta rayuwa da iska, kuma makarantun Musulunci da dama a kan waƙafin sarakuna da fatake suka tsaya. Darasin shi ne, a ranar bayarwa mai karɓa yake da ƙarfin gindaya sharaɗi, kuma darajarsa tana ga sharaɗin da ya gindaya.

Bisa wannan, abin da ya kamata a nema daga Georgetown da takwarorinta abu uku ne. Na farko, yarjejeniyar kowace kyauta ta zama a fili, kowa ya karanta. Na biyu, mai kyauta kada ya sami ta cewa wajen ɗaukar malami ko sallamarsa. Na uku, wanda ya fi wuya, jami'ar ta ware daga aljihunta abin da za ta riƙe tambayoyin da ba su da uban gida, har da waɗanda za su ɓata wa masu kyautarta rai. Georgetown ta san cewa kuɗi suna da tarihi. A 1838 limaman Jesuit na Maryland sun sayar da bayi 272 a kan dala 115,000, aka biya bashin kwalejin da wani kaso na kuɗin, kuma sai a 2017 jami'ar da ƙungiyar suka nemi gafara a bainar jama'a. Malaman tarihinta na cikin waɗanda suka tono wannan labari, kuma babu attajirin da ya roƙe su.

Hukuncin da ya dace da cibiyar Alwaleed ke nan: ba a kama ta da ƙarya ba, ta kuma yi aikin da ya rage wa Musulmin Amurka nauyin zargi, ta faɗa wa cocinta gaskiya. Abin da ake binta bashi shi ne littattafan da ba ta rubuta ba, musamman wanda zai dubi gidan mai kyautar da idon da ta dubi nata gidan a 2016. Ranar da irin wannan littafi ya fito ɗauke da sunan Yariman a bangonsa, tambayar Frank Wolf ta sami amsar da wasiƙar shugaban jami'a ba ta iya bayarwa ba.